Da'irar Sakkwato da Rijiyoyin Arewa

Matafiyin da ya baro Dosso ya nufi gabas, ya wuce Kore Mairuwa, hanya ta karkata da shi arewa, zai fara hango jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai sun jeru a gefen kwari. Waɗannan su ne gaɓar Dallol Mauri, tsohon kogin da ya ƙafe tun zamanin da babu mai tunawa, ya bar faffaɗan kwari mai rairayi wanda ya gangara daga arewa har ya haɗu da Dallol Foga kusa da Gaya. Duwatsun ba su da tsawon a-zo-a-gani, 'yan gomomin mita ne sama da kwarin, amma a ƙasar da ido ke tafiya ba shamaki sun isa su zama alama. Tozon Bijimi na tsaye a kan garin Dogon Dutsi, kuma daga samansa mutum na ganin yadda ƙasar ta rabu biyu. A cikin kwari akwai gawo da gonakin hatsi da garuruwa kusa da kusa, domin ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa. A bisa tudu kuwa sai marmara da fako da geza da sabara, inda mai haƙar rijiya zai yi gaba da yawa kafin ya ga danshi. Wannan bambanci na kwari da tudu shi ne ya yanke hukuncin ƙasar da Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri za su kasance a cikinta, ko da yake waɗanda suka fara zana iyakar ba su san da shi ba.

Tun kafin Turawa, Arawa sun san ƙasarsu ciki da bai. Sun san ta da Lugu, mazaunin Sarauniya, da Bagaji na Baura, da Matankari inda Sarkin Arewa yake, da Tibiri ta Samna, da Takatsaba. Sun san ta da rijiyoyi da tabkuna da hanyoyin fatake masu kai gishirin Foga gabas. Iyaka a wurinsu ita ce inda ikon wani sarki ya ƙare, kuma sau da yawa daji ne ke tsakani, dajin da maharba da makiyaya da mayaƙa kaɗai ke ratsawa. Daga 1849, lokacin da Sarkin Kabi Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, Arewa da Zabarma da Dandi suka tsaya tare da Argungu suna yaƙi da Gwandu da Sakkwato. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa kudancin yankin a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sayi, ya ga masu dafa gishiri a Foga, ya kuma tarar da hanya cikin fargaba saboda wannan yaƙi. Bai hau kwarin zuwa Matankari ba. Saboda haka shekaru kusan arba'in bayansa, abin da taswirorin Turai suka sani game da Arewa bai wuce 'yan sunaye da aka ji a bakin matafiya ba.

A kan irin wannan taswira ce Ingila da Faransa suka yi rabon farko ranar 5 ga Agusta 1890. Suka ce a ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin Tabkin Cadi, a kuma lanƙwasa shi yadda duk abin da yake mallakin daular Sakkwato da gaskiya zai faɗa wa kamfanin Ingila mai ciniki a Kwara. Firayim ministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, da bakinsa ya faɗa cewa sun yi ta ba juna duwatsu da koguna da tabkuna alhali ba su san inda suke ba. Tambayar da aka bari a buɗe ita ce mene ne mallakin Sakkwato. Faransa ta aiko Kyaftin Monteil ya duba, ya bar Sayi a 1891 ya bi ta Argungu zuwa Sakkwato da Kano da Kukawa, ya koma gida da labarin cewa Kabi da ƙawayenta ba sa bin Sarkin Musulmi ko kaɗan. Wannan gaskiya ce, kuma ta zama makami a hannun Faransa a teburin ciniki.

Da aka sake zama a Faris, yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta zo da wani abu da kowane Ba'are ya kamata ya sani. An ce iyaka za ta taso daga bakin Kwara sama da Ilo, ta bi tsakiyar Dallol Mauri, har ta ci karo da wata da'ira da aka zana da tsakiyar birnin Sakkwato a matsayin cibiya, mai faɗin mil 100 daga cibiya zuwa baki, wato kilomita 160 da 'yan kai. Daga nan sai ta bi bakin da'irar ta arewa, ta zagaya har ta sake haɗuwa da layin digiri 14 na arewa, sannan ta ci gaba gabas da miƙaƙƙun layuka masu kusurwa har Tabkin Cadi. Wani ma'aikaci ne ya kafa ƙafar kamfas a kan ɗigon da aka rubuta Sakkwato ya juya ɗaya ƙafar. Tsakanin Sakkwato da Dogon Dutsi a miƙe bai kai kilomita 150 ba. Ke nan bisa wannan takarda Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri da Birnin Ƙonni duk suna cikin rabon Ingila. Da an tsaya a nan, yau 'yan Dutsi da Turanci za su yi karatu, kuma Birnin Kabi ko Sakkwato za su je neman takarda.

Abin da ya rushe da'irar shi ne ƙishirwa. Faransa na son hanyar da za ta haɗa Kwara da Damagaram da Cadi, sai ta tarar duk rijiyoyin kirki suna cikin da'irar, ita kuma an bar ta da bayan da'ira. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga bakin Kwara a farkon 1899 da dubban mutane da dabbobi, ba ta ko yi ƙoƙarin mutunta layin ba. Ta shigo Dallol Mauri tana ƙone garuruwa tana kwashe hatsi da mutane, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Duk wannan ta'asa a ƙasar da takarda ta ce ta Ingila ce aka yi ta, kuma babu Baturen Ingila ko ɗaya a kusa da zai ce uffan, domin su ma a lokacin ba su taka wurin ba. Bayan haka, da Faransa ta kafa mulkin soja a Damagaram, ayarinta ya zama dole ya zagaya ta Filinge da Tawa, hanya mai dogayen zango babu ruwa, inda shanun dako da jakuna ke zubewa. Hafsoshinta suka yi ta kai kuka Faris cewa an ba su ƙasa an hana su hanyar shiga.

Kafin a gyara layi sai an san inda yake. Shi ya sa aka naɗa hukumar haɗin gwiwa ta farko, wadda ta yi aiki a 1903 da 1904, Laftanar Kanar Elliot na jagorantar ɓangaren Ingila, Kyaftin Moll na jagorantar na Faransa, tare da wani matashin hafsa mai suna Jean Tilho. Matsalarsu ta farko babba ce. Ba a iya sanin inda bakin da'ira ya faɗa sai an auna cibiyarta daidai, cibiyar kuwa birnin Sarkin Musulmi ne, wanda a lokacin da masu awon suka iso bai shiga hannun Turawa ba. Gwamna Lugga na Arewacin Nijeriya ya sa tsaron wannan hukuma cikin dalilan da ya bayar na gaggauta yaƙi. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Ɗaya daga cikin masu awon na Ingila, Foulkes, ya ajiye kayan aikinsa ya shiga wannan yaƙi. Duk wanda ke ɗaukar awon ƙasa a matsayin aikin ilimi tsantsa, wanda ba ruwansa da bindiga, ya dubi wannan shekara da kyau.

Yadda ake aikin kansa abin a tsaya a duba ne. Da rana mai awo na bisa doki ko a ƙasa, kamfas a hannu, agogo a aljihu, littafi a buɗe. Duk inda hanya ta karkata sai ya rubuta inda ta fuskanta da tsawon lokacin da aka yi ana tafiya, ko yawan taku, ko juyin wata ƙafar keke da ake turawa tana ƙirga nisa. Idan ya hango kan dutse sai ya ɗauki saitinsa daga wuri biyu ko uku, inda layukan suka haɗu a takarda nan dutsen yake. A nan duwatsun Arewa suka yi masa rana, domin mai hawa gaɓar dallol yana ganin garuruwa da yawa a lokaci ɗaya, abin da ba ya samuwa a shimfiɗaɗɗen daji. Tsawon tudu kuma da na'urar auna nauyin iska ake kimanta shi, ko a tafasa ruwa a duba zafin da ya tafasa a kai, tunda ruwa na saurin tafasa in an hau sama. Amma awon rana yana tara kuskure kaɗan-kaɗan, sai dare ya gyara shi. Bayan an ci tuwo gari ya yi tsit, sai a kafa na'ura a kan ƙafafunta uku, mutum ɗaya ya sa ido yana jiran tauraro ya iso inda ake so, wani na riƙe da fitila da agogo yana rubuta daƙiƙa. Da haka ake sanin nisan wuri daga tsakiyar duniya zuwa arewa, kuma wannan bai cika wuya ba. Mai wuyar shi ne sanin matsayin wuri tsakanin gabas da yamma, domin sai an san ƙarfe nawa ne a Landan ko Faris a daidai wannan lokaci. Agogunan da ke riƙe da wannan lokaci a cikin akwati ake ɗaukar su a ka, ana lallaɓa su, zafi da girgiza na sa su gudu ko jinkiri. Inda wayar tangaraho ta kai sai a gwada su da ita, inda ba ta kai ba sai a jira daren da wata zai rufe wani tauraro a yi lissafi. Ga kuma hazon hunturu, wanda kan shafe sama kwana da kwanaki a daidai lokacin da tafiya ta fi daɗi.

Akwai rabin aikin da rahotanni ba su cika ba shi haƙƙinsa ba. Tauraro na iya gaya wa Bature inda yake tsaye, amma ba zai gaya masa sunan garin ba, ko wane sarki garin ke bi, ko rijiyar gaba na kai wa bazara. Wannan duk daga bakin mutanen ƙasa ya fito: jagoran da mai gari ya bayar, maharbin da ya san mashigin dutse, bafataken da ya haddace zango-zango, tafintan da ke tsakani, da 'yan dakon da aka tara, galibi ba da son ransu ba, suka ɗauki akwatuna daga wannan gari zuwa wancan. Duk sunan da ke kan waɗannan taswirori wani ne ya furta shi, Bature ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Ni a ganina taswirar Arewa ta farko aikin Arawa ce daidai da yadda take aikin Moll da Elliot, sai dai su ba a tambaye su abin da za a yi da ita ba.

Ana cikin wannan awo sai manyan suka shirya a Turai. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Niyufanlan, can gefen Kanada, aka biya ta da wasu tsibirai kusa da Konakiri, da wani yanki a kogin Gambiya, da gyaran iyaka tsakanin Kwara da Cadi. Sabon layin ya bar da'irar a wani wuri kilomita 5 kudu da inda ta gitta hanyar Dosso zuwa Matankari, ya miƙe zuwa kilomita 20 arewa da Ƙonni, sannan zuwa kilomita 15 kudu da Maraɗi. Matankari ta koma hannun Faransa ke nan saboda kifin wani teku da babu Ba'aren da ya taɓa jin sunansa. Ƙonni kuwa ta rage wa Ingila tukuna. Amma yarjejeniyar ta bar ƙofa, ta ce a duba abin da masu awo za su kawo, a tabbatar Faransa ta sami hanya mai ruwa, a kuma kula da iyakokin sarautun da ake da su. Da taswirorin Moll da Elliot suka isa, sai aka sake zama a Landan, aka sa hannu ranar 29 ga Mayu 1906. Wannan karon layin ya ƙara matsawa kudu da gabas, kwarin Arewa da Ƙonni suka shiga rabon Faransa, aka kuma bayyana iyakar da sunayen garuruwa da hanyoyi maimakon da'ira. 'Yan watanni kafin haka Turawan ɓangarorin biyu sun ga abin da ya firgita su: Malam Shu'aibu Ɗan Makaho, bayan an murƙushe tawayen Kobkitanda a ƙasar Dosso, ya tsallaka zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda aka kashe Turawan Ingila a Fabrairun 1906. Kowannensu ya gane yana bukatar sanin inda ikonsa ya tsaya da wanda zai kama in an gudu.

Saura a sauke layin daga takarda zuwa ƙasa. Wannan aiki ya faɗa kan Tilho, wanda yanzu shi ne shugaba a ɓangaren Faransa, da Manjo O'Shee na Ingila. Sun faro daga bakin Kwara a farkon 1907, suka hau ta gabashin Dallol Mauri, suka isa Tabkin Cadi a 1908. Sun kafa turaku 148 a kan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1500, kuma gwamnatocin biyu suka amince da aikin a Landan ranar 19 ga Fabrairu 1910. Turakun ba iri ɗaya ba ne, abin da wuri ya bayar da shi aka yi amfani. Wani wuri guma-guman itacen dangin giginya aka kafa, huɗu kewaye da na biyar. Inda akwai dutse, kamar tuddan Arewa, sai a tara shi tsibi a shafe kansa da siminti. Wani wuri ƙarfen turken tangaraho aka binne, wani wuri kuma itace mai rai aka sassabe wa rassa aka buga masa farantin ƙarfe mai lamba. Idan aka raba 148 a kan wannan nisa, za a ga tsakanin turke da turke ya kai kilomita goma a matsakaici. Manomin da gonarsa ke tsakanin biyu ba shi da hanyar sanin ta inda layin ya bi, kuma gara da ruwan sama da masu neman ƙarfe ba su daɗe ba suka fara rage adadin.

Tawagar Tilho ba awon iyaka kaɗai ta yi ba. Akwai likita, akwai masanin duwatsu mai suna Garde, akwai hafsan tafinta Landeroin, wanda ya zauna da sarakuna da dattawa yana rubuta tarihin ƙasashen da aka ratsa, har da jerin sarakunan Arewa. An buga sakamakon a Faris cikin manyan littattafai daga 1910, tare da taswirori, kuma Landeroin da Tilho sun fitar da littafin nahawu da tatsuniyoyin Hausa da ƙamus. Masu binciken da suka zo baya, irin su Marc-Henri Piault wanda ya wallafa tarihin Mauri, wato Arawa, a 1970, sun sami abin kwatantawa da abin da dattawan zamaninsu suka faɗa musu. Moll bai daɗe a duniya ba bayan haka, an kashe shi a yaƙi da Masalit a gabashin Cadi a Nuwamban 1910. Tilho kuwa ya ci gaba zuwa duwatsu na gaske, ya shafe 1912 zuwa 1917 yana awon Barku da Tibesti, inda ya fara karɓar lokacin Faris ta iska ba tare da waya ba, abin da ya kawar da wahalar agogo da ta addabe su a Arewa.

A ƙasa, layin ya yanka Arewa biyu. Kangiwa da Yeldu da Bachaka suka zauna a ɓangaren Ingila ƙarƙashin Argungu, yau suna jihar Kabi, inda ƙaramar hukumar ma Arewa ake ce mata. Dumega da Tibiri da Gecheme da Kieshe suka zama na Faransa. Dogon Dutsi, da yake a kan hanyar da aka sha wannan ciniki dominta, ya zama mazaunin kwamanda, ya girma ya sha gaban Matankari. Mutane kuma ba su ɓata lokaci ba wajen gane amfanin layin. Duk shekarar da haraji ko aikin tilas ko ɗibar soja ya yi tsanani a ɓangaren Faransa, sai a wayi gari gida ya tashi ya koma wurin dangi a gabas, kamar yadda aka gani da yawa a yunwar 1931. Sarakunan da aka raba da talakawansu suka yi ta kai ƙara, kwamanda da razdan suka yi ta musayar wasiƙu a kan gona kaza da rijiya kaza.

Cikakkiyar surar tudu da kwari ba ta hau takarda ba sai da jirgin sama ya shigo aikin. A shekarun 1950 hukumar taswira ta Faransa ta ɗauki hotunan ƙasar daga sama, jeri bayan jeri, kowane hoto na hawa kan rabin na kusa da shi, yadda in an duba biyu tare ta madubi na musamman dutse zai taso kwari ya faɗa. Daga nan aka zana taswirori masu ma'aunin 1 bisa 200,000, wato santimita ɗaya a takarda daidai da kilomita biyu a ƙasa, kuma ɗaya daga cikinsu sunan Dogon Dutsi take ɗauke da shi. A kansu ne masu neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da masu shimfiɗa hanya suka dogara shekaru da yawa bayan 'yancin kai na 1960. A can ɓangaren Nijeriya ma'aikatar safiyo ta yi nata da nata ma'auni da nata harshe, ta yadda tudu ɗaya kan fito da rubutu iri biyu a takardu biyu.

Ƙasashen Afirka sun amince a Alƙahira a 1964 cewa za su riƙe iyakokin da suka gada, Nijar da Nijeriya kuma suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971 mai mazauni a Yamai. Ba a taɓa yin yaƙi a kan wannan iyaka ba, amma nauyinta na sauka a kan talaka duk lokacin da aka rufe ta, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da kasuwannin Dumega da Bachaka suka ji a jikinsu. Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, aka sake zana wani layi a cikin gida. Hukumomin iyaka na ƙasashen biyu sun ɗauki shekaru suna bin sawun turakun 1907, suna sake gina waɗanda suka rushe da kankare, suna ƙara wasu a tsakani. Suna zuwa da na'urar da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan Adam, mai faɗin matsayin wuri cikin 'yan daƙiƙu, amma takardar da ke hannunsu ita ce dai ta Tilho da O'Shee, wadda ke bayyana wurin turke da nisansa daga wani gari ko wata hanya ko mararraba. Wasu garuruwan sun tashi, wasu hanyoyin sun mutu an nome su, saboda haka sau da yawa sai an nemi mai gari ya kira dattawa su nuna inda iyayensu suka ce tsibin duwatsun yake kafin a fara haƙa.